Tabon Babban Yatsa a Mariƙin Sandar Golf

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne a wasan golf, wanda yawancin masu buga wasan ba sa kula da shi sai ranar da sanda ta nemi suɓuce musu. Duk wanda ya zaro sandar da aka daɗe ana bugu da ita, ya juya mariƙinta a cikin haske, zai ga wani wuri da zanen robar ya shafe, ya yi sulɓi yana ɗan ƙyalli, wani lokaci har ya loɓa. Makwancin babban yatsa ke nan. Da zarar abokan wasa sun gani, hukunci ɗaya suke yankewa, wato kana matse sanda da yawa, ka sassauta. A ganina wannan hukunci rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari ya fi wanda aka ɗauka amfani. Abin da tabon nan ya fi nunawa shi ne motsi: ko dai yatsa yana zamewa a kan mariƙi, ko mariƙi yana zamewa a ƙarƙashin yatsa. Wanda aka ce wa ya sassauta alhali sandarsa tana wasa a hannunsa, an ƙara masa ciwo ne da sunan magani. Bayanin da zan yi na mai bugu da dama ne, wanda hannunsa na hagu ke sama a kan mariƙi. Bahago sai ya juya lissafin.

Mu fara da yadda roba take cinyewa. A shekarar 1953 wani masanin Ingila mai suna John Archard ya fitar da wata ƙa'ida da injiniyoyi ke aiki da ita har yau wajen lissafin yadda abubuwa biyu ke cin juna idan suna guga. Taƙaicenta shi ne, yawan abin da ke zaizayewa ya dogara ga ƙarfin dannawa, da tsawon tafiyar da gugar ta yi, da kuma taurin abin da ake guga. Dannawa da tafiya ninka juna suke yi, saboda haka idan tafiyar babu ce, zaizayewar ma kusan babu ce komai ƙarfin dannawar. Manomi ya san wannan ba tare da lissafi ba: ƙotar fartanya tana yin santsi ne a inda hannu ke kaiwa da komowa, ba don an damƙe ta ba. Gaskiya ne a kan ƙarafa Archard ya fi yin aikinsa, kuma roba tana da nata halin, amma tushen maganar bai canja ba. Yatsan da ya kwanta wuri guda daga farkon bugu har ƙarshensa zai daɗe bai shafe zanen roba ba. Yatsan da ke matsawa gaba da baya, ko da kaurin ƙwayar gero ne, a kowane bugu, sau ɗari a kowane zaman atisaye, shi ne zai goge ta cikin 'yan watanni.

To me ke sa sanda ta motsa a hannu? Sai mun dubi ƙarfin da hannun ke fama da shi. Kan doguwar sandar da ake buɗe wasa da ita yana da nauyin kimanin giram 200. Ƙwararrun da ke buga manyan gasanni a Amurka suna wurga shi da gudun da ya kai wajen kilomita 180 a awa lokacin da zai haɗu da ƙwallo. Abin da ke zagayawa da irin wannan gudu a da'irar da tazararta daga tsakiya ta ɗan haura mita ɗaya da rabi, jan da yake yi wa hannu ya kai nauyin kilo 30 ko kusa da haka. Ko ɗan wasan ƙarshen mako, mai gudun kilomita 145 a awa, yana riƙe da abin da ke fizgarsa da nauyin kusan kilo 20. Wannan ne ya sa ake ƙera mariƙi da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa ƙasa, domin duk fizgar da sanda ta yi sai ta ƙara cushewa cikin yatsu. Yatsun da ke wannan aiki kuwa sanannu ne. Ben Hogan, Ba'amurken da ya ci manyan kofuna 9, ya bayyana su a littafinsa na darussa biyar da ya fito a 1957: yatsu uku na ƙarshe a hannun hagu, tare da tudun gindin tafi da ke danne mariƙin daga sama, sai yatsu biyu na tsakiya a hannun dama. Babban yatsa ba ya cikin jerin, na hagu ko na dama. Idan muka ga shi ne ya fi kowa barin alama, tambayar da ta dace ita ce, ina masu aikin na asali suka tafi har aiki ya faɗo kansa?

Yatsun biyu ba matsayinsu ɗaya ba, kuma a nan ne masu yanke hukunci cikin gaggawa suke kuskure. Babban yatsan hagu yana da aiki na halak. Idan ɗan wasa ya ɗaga sanda ta kai ƙololuwa a bayan kansa, yatsan nan ne ke komawa ƙarƙashin mariƙi ya tallafe nauyinta a daidai lokacin da za ta juya ta fara saukowa. Bugu da ƙari, ba shi kaɗai yake danna robar ba, domin tafin hannun dama a kansa yake kwance. Ko mutum yana riƙon Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan manuniyar hagu, ko yana saƙala yatsun biyu cikin juna kamar yadda Jack Nicklaus da Tiger Woods ke yi, ko ya jera yatsu goma duka a kan mariƙi, babban yatsan hagu yana lulluɓe ne a cikin kwarin tafin dama. Saboda haka ɗan dusashewar roba a wurin bayan dogon amfani ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne siffar tabon. Idan ya tsaya daidai girman kan yatsa, da iyaka bayyananniya, yatsan zaune yake. Idan kuwa ya yi tsawo yana bin jikin sanda, ko ya karkace ya bazu gefe, to akwai tafiya. Yadda abin ke faruwa galibi shi ne, a ƙololuwar ɗagawa ɗan wasa yana son sandar ta ƙara nisa fiye da yadda kafaɗunsa suka iya juyawa, sai yatsu ukun nan su ɗan buɗe, gindin mariƙi ya rabu da tudun tafi, kan sanda ya rinjaya, duk nauyin ya koma kan babban yatsa ya tura shi. Daga nan sai hannu ya yi wuf ya sake damƙewa yayin saukowa, yatsan ya koma baya yana guga. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido, mai yin ma bai san yana yi ba. Safar hannunsa ce za ta tona shi, domin za a ga ta huje a gindin tafi, ɓangaren ƙaramin yatsa, inda gindin mariƙi ke goga. Hujin safa a nan da dogon tabo a can, labari ɗaya suke bayarwa. Wanda ya tsaya yana yi wa babban yatsa faɗa ya bar jaki yana dukan taiki.

Hogan kansa ya bi ta wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1940 ya bar riƙon da ake miƙe babban yatsan hagu ya yi tsawo a kan mariƙi, ya koma ɗan janyo shi baya ya gajarce, don ya rage yadda sandarsa ke wuce gona da iri a sama. Dogon yatsa yana ba wuyan hannu damar lanƙwasa sosai, yana kuma tura mariƙi daga yatsu zuwa cikin tafi. Akwai 'yan wasa nagari da suka yi nasara da shi, ban ce haramun ba ne. Amma ga mai tabo dogo, nan ne wuri na farko da zan so ya duba.

Babban yatsan dama kuwa labarinsa daban. Shi da manuniya su ne yatsun da ɗan Adam ya fi sabawa da su, da su yake rubutu, da su yake ɗaukar allura, don haka da zarar hankali ya tashi su ne ke fara ƙwace ragama. Mai son ya bugi ƙwallo da ƙarfi sai ya kwantar da babban yatsan dama a saman mariƙi ya tura da shi tun daga sama. Sakamakon shi ne wuyan hannu ya miƙe kafin lokaci, gudun da ya kamata a ajiye wa ƙwallo ya ƙare a iska, kan sanda ya bi hanyar waje ya yanko ƙwallo, ta tashi tana karkata dama. Hogan ya ba da shawarar a riƙa atisaye da babban yatsan dama da manuniya a ɗage gaba ɗaya daga kan mariƙi, don mutum ya ji cewa ba a bukatarsu wajen riƙo. Akwai kuma hujjar da ido ke gani. Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988 da 1989 kafin ya je ya ci Masters a 2000, ya shahara da cewa hannunsa na dama kusan sakin sanda yake yi a daidai lokacin bugu, hotunansa sun nuna haka ƙarara. Fred Couples ma haka, ga shi ko safar hannu ba ya sawa. Idan mutane irin waɗannan suna aika ƙwallo nesa da hannun dama a kusan sake, ba za a ce turin babban yatsan dama ne ke kawo nisa ba. Don haka rami mai zurfi a ƙarƙashin wannan yatsa, a nan kam na yarda da masu cewa an yi matsi, sai dai ko a nan matsin da motsi tare suke tafiya, domin turawa ce, ba riƙo ba.

Wani zai ce, to ina aka baro shawarar Sam Snead, wadda kowane mai koyarwa ke maimaitawa, cewa a riƙe sanda kamar ɗan tsuntsu, kada ya tashi kada kuma a murƙushe shi? Shawarar tana da gaskiyarta a lokacin tsayuwa kafin a fara bugu, inda damtse mai tauri ke hana wuyan hannu sakewa. Amma a tuna wane ne ya faɗe ta. Mutumin da ya shafe shekara da shekaru yana bugun ƙwallo kullum, hannunsa ya yi ƙarfin da abin da yake ji a matsayin sassauci, ga ma'aikacin ofis damƙa ce sosai. Shi kuma ma'aikacin idan ya ɗauki maganar a zahirinta, zai fara da riƙon da ba zai iya ɗaukar fizgar kilo 20 ba, dole a tsakiyar hanya hannu ya ceci kansa da damƙar gaggawa, wadda ita ce ke cin roba. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun taɓa shimfiɗa siraran na'urorin auna matsi tsakanin hannu da mariƙi, suka buga sakamakon a 2008. Sun tarar ƙarfin riƙo ba ya tsayawa wuri guda, hawa da sauka yake yi a cikin bugu ɗaya, hannun hagu ne ya fi ɗaukar kaya, kuma kowane ɗan wasa yana da salon hawa da saukarsa da yake maimaitawa bugu bayan bugu, wanda ya bambanta da na wani. Wannan ya nuna babu wani awo guda na matsi da za a ce shi ne daidai ga kowa. Abin da za a iya nema daga kowa shi ne fuskar sanda ta dawo kan ƙwallo yadda aka saita ta. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, babu hannun da zai gyara komai a wannan lokaci. Idan mariƙi ya juya ko kaɗan a sama, an riga an gama.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Za a ce ai dannawa kaɗai tana iya barin alama, ba sai da guga ba. Haka ne, musamman a mariƙai masu laushi irin waɗanda aka naɗe da wata fatar roba mai taushi a sama, waɗanda ke loɓawa idan an daɗe ana danna wuri guda, ba su dawowa. Amma loɓawa daban, gogewa daban, kuma ido yana rabe su: a wurin da ya loɓa zanen yana nan, ya nutse ne kawai, a wurin da ya goge zanen ya tafi. Haka nan za a ce yawan bugu kaɗai ya isa ya cinye kowace roba, ko ta wane ne. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa sanda ɗaya ba ta isa hujja. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14. A ajiye ta gangara ƙwallo cikin rami gefe guda, tunda ba a wurga ta, a jera sauran a ƙasa a duba. Kusan kowa yana da sandar da ya fi atisaye da ita, sau da yawa mai lamba 7, kuma ba abin mamaki ba ne ta fi sauran tsufa ko'ina a jikinta. Abin da ke da ma'ana shi ne a ga tabo iri ɗaya, wuri ɗaya, har a kan sandunan da ba a cika taɓawa ba, ko a ga doguwar sanda ta fi gajeru lalacewa alhali ba ta kai su yawan bugu ba. Wannan na biyun yana nuna matsalar tana fitowa ne lokacin da mutum ya sa ƙarfi.

Sai batun da ya fi shafar masu wasa a Kano, Kaduna, Zariya, Abuja, ko filin Rayfield na Jos da aka kafa tun 1913. Tsohon mariƙi kansa yana koya wa hannu mugun hali. Roba idan ta sha zafi da rana da gumi da man jiki takan bushe ta yi tauri, ta daina kama fata. Hannu yana jin santsin tun kafin hankali ya lura, sai ya ƙara matsi, damtse ya ɗaure, amma duk da haka sandar tana ɗan zamewa, zamewar tana ƙara goge robar, abu ya zama zagaye. A da da fata ake naɗe mariƙi. Kamfanin Lamkin ya fara da ita a Chicago a 1925, sannan Golf Pride, wanda Thomas Fawick ya kafa a 1949, ya yaɗa na roba da ake zura wa sanda. Masu ƙera su suna cewa a canja sau ɗaya a shekara ko bayan zagaye 40 na fili. Mai sauraro yana da haƙƙin ya ce, ai mai sayarwa dole ya faɗi haka. Ni ma ban ɗauki lambar nan a matsayin wahayi ba, kuma mutumin da ke wasa sau ɗaya a wata bai kamata ya bi ta ido rufe ba. Sai dai a yanayinmu lissafin yana iya karkata ta ɗaya gefen. Jakar da ke wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, sandunan gwanjo da suka riga suka yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, ƙurar hunturu da ke shiga cikin zanen roba ta zama kamar yashin guga a ƙarƙashin yatsa, duk suna gajarta ran mariƙi. Kafin a kashe kuɗi, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi, a shanya a inuwa. Da yawa suna farfaɗowa. Wanda ya bushe yana nan da ƙyallinsa, farce ba ya nutsewa a cikinsa, ya gama aiki. Yaran da ke ɗaukar jaka a filayen nan, waɗanda da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasanmu daga cikinsu suka fito, su ne suka fi kowa koyon wasa da irin waɗannan tsofaffin sanduna, kuma abin takaici ne yaro ya saba da damƙar da santsin roba ya tilasta masa, ya ɗauka haka wasan yake.

Kauri ma yana da hannu a ciki. Mariƙin da ya yi wa mutum siriri yana sa yatsu su nutse cikin tafi, sanda ta sami wurin juyawa, babban yatsa ya shiga aikin tsare ta. Wanda ya yi kauri da yawa kuma yana hana yatsu ukun zagayewa. Gwajin da masu haɗa sanduna ke yi mai sauƙi ne: a riƙe da hagu, a ga kan yatsun tsakiya suna ɗan taɓa tudun babban yatsa, ba su nutse ba, ba su kuma bar rata ba. Idan ana neman ƙarin kauri kaɗan, ana ƙara naɗin tef a ƙarƙashi kafin a zura sabuwar roba. Bryson DeChambeau ya ci US Open a 2020 da 2024 da mariƙai masu kauri sosai, wanda ya isa nuna cewa girman da ya zo daga kanti ba dole ba ne. Abin da doka ta hana shi ne a sassaƙa wa yatsa gurbi. Hukumomin R&A da USGA sun ce mariƙi kada a ƙera shi da siffar wani sashe na hannu, ko da yake sun yarda da ɗan siririn tudu mai bin tsawonsa ta baya, kuma sandar da ta cika ƙa'ida tana sabuwa ba ta zama haramtacciya don ta tsufa ta hanyar amfani na yau da kullum. Wasu 'yan wasa har son ramin da yatsansu ya haƙa suke yi, suna cewa yana nuna musu wurin ajiye hannu. Yana nunawa kam, amma wurin da kuskuren ya saba zama yake nunawa.

Kuma ba roba kaɗai ke biyan kuɗin ba. Jijiyoyin da ke motsa babban yatsa suna bi ta gefen wuyan hannu, kuma kumburinsu, wanda likitoci ke kira da sunan likitan Suwizalan De Quervain, sananne ne a hannun da 'yan golf ke ɗorawa sama a kan mariƙi. Wanda tabon mariƙinsa ya zo tare da zafi a gindin babban yatsa idan ya murɗa murfin kwalba, likita ya kamata ya gani kafin mai koyarwa. Wanda kuma ba shi da ciwo, yana son ya tabbatar ko sandarsa na motsi, gwajin ba ya cin ko sisi. Ya tsinki ganyen ciyawa ya sa tsakanin gindin mariƙi da tudun tafin hagu, ya yi bugu cikakke. Idan ganyen ya faɗi a sama, yatsu sun buɗe. Ko kuma ya bugi ƙwallo, ya tsaya a ƙarshen bugun ba tare da ya gyara hannu ba, ya sauke kan sanda ƙasa a hankali, ya duba ko fuskarta tana kallon inda ta kalla da farko. Idan ta juya, ya rage nisan ɗagawa zuwa inda kafaɗa ta tsaya, ya ƙarfafa yatsu ukun nan tun daga tsayuwa, ya buga ƙwallo ashirin da rabin ƙarfi kafin ya ƙara gudu.